Amsa: Ko an taɓa gwajin rigakafi a Nijar?

Malam, ka tambaya ko ana gwajin rigakafi a ƙasarmu ko sai dai a kawo mana. An yi, a Madarunfa ta jihar Maraɗi. Daga 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF da cibiyar bincikenta Epicentre suka gwada Rotasiil, rigakafin rotabirus mai sa jarirai zawo. Jarirai sama da 3,500, da yardar iyayensu, rabi aka ɗiga musu na gaske sau uku, rabi wanda babu magani a ciki. Ya rage zawo mai tsanani na rotabirus da kusan kashi 67 cikin 100.

Ni abin da ya burge ni, yana jure zafi. Mu nan Tawa, in wuta ta ɗauke firij ya zama akwati kawai. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta amince da rigakafin a 2018.