Me ya sa ba ma shafa wa tsohon soro siminti?

Ka tambaye ni jiya muna cin abinci: "Maigida, tunda bangon nan duk damina sai ya zaizaye, me zai hana mu yaɓe shi da siminti mu huta?" Na yi shiru ne don bakina da tuwo. To ga amsa, ɗana.

Ka taɓa zuwa Kafin Madaki, can ƙasar Ganjuwa a jihar Bauchi? Sunan ma ya gaya maka asalin wurin, kafi ne, mazaunin Madakin Bauchi mai tsaro a wajen birni. Gidan Madakin da ke can, Babban Gwani, shugaban maginan Zazzau, ya gina shi wajen 1860, kuma a 1956 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Tubali ne da azara da ƙasa. Ba hannun siminti a asalinsa, ga shi ya haura shekara ɗari da hamsin.

Bangon ƙasa yana shan danshi daga ƙasa, ya fitar da shi ta jikinsa idan rana ta buɗe. Ka rufe shi da siminti, danshin ya rasa hanya, sai ya zauna ciki yana jiƙa tubali. Daga waje za ka ga bango sumul, ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga. Rana ɗaya yaɓen zai ɓalle faifai guda, ya tafi da rabin bangon. Da idona na ga haka a wani gidan sarauta da ba zan faɗi sunansa ba, masu gidan suna ganin gata suka yi masa.

Kuma zaizayar da ke damunka, ba daga bango take farawa ba. Hau sama ka duba indararo. In ya toshe ko ya karye, ruwa ya kwanta a rufi, ya sami azara, gara ta biyo danshi. Azarar giginya ce, kuma ta namiji, ita ce mai tauri. Wadda ta ruɓe kaɗai za mu zare, bayan mun tokare bakan gizon, wato lanƙwasasshen ginin nan da ke ɗauke da rufi. Wadda take da rai a bar ta inda mai ita ya sa ta.

Sai yaɓe. Birji, wato jar ƙasar gini, wanda ya yi kama da na ginin za mu nemo, a kwaɓa da ciyawa, a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa. A sama mu bi da makuba ta ɓawon ɗorawa. Rufi kuwa laso ne, wato haɗin katsi, guggubin baba daga marina, da gashin jima, da dafara, wani tsiro mai yauƙi. Samun katsi yanzu wahala, marinar ta ragu, shi ya sa na aika tun makon jiya.

Gobe da sassafe ka zo da tsani, indararon gabas za mu fara dubawa.