Faretin soja da tara kuɗin yaƙi a Ingila: da gaske gari na iya sayen jirgi?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na ga wani tsohon hoto na sojoji suna fareti a birnin Leeds lokacin yaƙin duniya na biyu, aka rubuta wai mutanen garin sun tara kuɗi sun sayi jirgin ruwan yaƙi. Da gaske ne? Kuma me ya haɗa fareti da tara kuɗi?

AMSA: Yawwa ɗan'uwa, kuɗi kam an tara, amma maganar saye akwai gyara a cikinta.

Gwamnatin Birtaniya tana da wata hukumar tanadi tun 1916, da yaƙi ya yi zafi sai ta riƙa ware wa kowane gari mako guda na tara kuɗi. Aka yi na makamai a 1940 zuwa 1941, aka yi na jiragen ruwa, na jiragen sama a 1943, na jinjina wa soja a 1944. Leeds ta zaɓi jirgin Ark Royal, irin mai ɗaukar jiragen sama ɗin nan, kafin ma makon ya zo sai jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbe shi kusa da Jibralta, ya nutse ranar 14 ga Nuwamba 1941. Abin ya taɓa zuciyar mutanen garin sosai, shi ya sa da makonsu ya zo a farkon 1942 suka tara sama da fam miliyan 9.

Faretin talla ne kawai. A fito da sojan ƙasa da na ruwa da mata masu kaki da 'yan sa-kai, ga 'yan badujala, a wasu garuruwan har jirgin Jamus da aka kakkaɓo ake ajiyewa a dandali yara su zo kallo, sannan a kafa ƙaton allo a tsakiyar gari kullum ana ƙara adadin da aka samu, gari na gasa da maƙwabcinsa kada a ce an fi su. A Landan a 1943 jirgin Lancaster sukutum aka girke a dandalin Trafalgar, mutane suna sayen kan sarkin tanadi suna liƙawa a jikin bom ɗin da aka ce za a jefa wa Jamus.

To amma fa rance ne, ba kyauta ba. Yaro ya sayi kan sarki na sisi ya liƙa a kati, in ya cika sule 15 a ba shi takardar tanadi, bayan shekara 10 ta zama fam ɗaya da sisi. Ka ga ya bambanta da gudummawar yaƙi da aka riƙa karɓa a Najeriya a lokacin, ita wannan ba mai dawowa ba ce.

Kuma kuɗin baitulmalin gwamnati suke shiga, ba wurin maƙera jirgi ba. Abin da ke hana ƙera jirage a lokacin ƙarancin ƙarfe ne da ma'aikata da wurin aiki. Babbar manufar ita ce a janye kuɗi daga hannun jama'a, don albashi ya ƙaru kaya kuma babu a kanti, in aka bar kuɗin suna yawo farashi zai haukace. Ni a ganina ma adadin da ake shela yana da ɗan kwalliya, tunda kaso mai tsoka daga bankuna da kamfanonin inshora yake fitowa, waɗanda ko ba fareti da ma gwamnati za su ranta wa.

Sabon Ark Royal ɗin da ya maye gurbin wanda ya nutse kuwa sai 1950 aka saka shi a ruwa, ya fara aiki a 1955, shekara 10 bayan an gama yaƙin.