Ga 'yar uwar da aka ce ta dawo bayan shekara guda

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Na karanta tambayarki har sau biyu, kin ce shekarunki 34, an miki gwajin bakin mahaifa an samu ƙwayar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, amma gwajin Pap, wanda ke duba ko fatar wurin ta canza, ya fito lafiya, likita ya ce ki je ki dawo bayan shekara, ita kuma ƙawarki da aka samu ƙwayar a jikinta nan take aka turata a haska mata bakin mahaifa, shi ne kike tambaya ko sakaci aka miki ko dai kansar ce ake ɓoye miki. Ni nas ce, na daɗe a ɗakin da ake wannan gwajin, kuma wallahi irin tambayarki kusan kullum sai an yi mana ita, wasu da kuka ma.

Farko dai ki kwantar da hankalinki, samun HPV ba kansa ba ce. Yawancin mata da maza sun taɓa ɗaukarta ba su ma sani ba, kuma wajen kashi 90 cikin ɗari garkuwar jiki ke kawar da ita da kanta cikin shekara biyu. Wadda ke ba mu tsoro ita ce wadda ta zauna ta ƙi tafiya, ita ce a hankali take canza fatar bakin mahaifa, kuma daga nan zuwa sankara a mace mai lafiyar garkuwa yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. To kin ga shekara ɗayan da aka ba ki ba wasa aka yi da ranki ba, lokaci aka ba jikinki a ga ko zai yi aikinsa.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, yanzu ba takardar yau kaɗai ake kallo ba. Da can haka ake yi, sakamako kaza a yi kaza, shi kenan. Amma a 2019 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka, ASCCP, ta sauya tsarin bayan an bi bayanan mata kimanin miliyan ɗaya da rabi a Kalifoniya, aka koma lissafin haɗari, wato a haɗa sakamakon yau da na baya da shekarun mace a ga cikin mata ɗari masu irin halinta guda nawa ne ke ɗauke da canji mai tsanani, wanda ake kira CIN3, matakin da ke gab da sankara. In lissafin ya kai 4 cikin ɗari sai a haska, shi ne kolposkopi. In ya kai 25 ana iya yin magani kai tsaye ko a fara haskawa, in kuwa ya kai 60 an fi so a yi maganin kawai ba sai an jira yankar nama ba. Wadda ba ta kai 4 ba kuma sai a duba ta dawo bayan shekara 1 ko 3 ko 5. Mace irinki da ke da HPV, Pap lafiya, ba a san tarihinta ba, tana wajen 2 ne cikin ɗari, ba ta kai layin haskawa ba amma kuma ba a sake ta ta tafi shekara biyar ba. Abin da likitanki ya yi kenan.

To ita ƙawarki fa? Ban ga takardarta ba amma dalilan da na saba gani ba su da yawa. Babbansu lambar ƙwayar. HPV iri iri ce, wajen 14 ne masu haɗari, amma 16 da 18 su kaɗai ke jawo kusan kashi 70 na sankarar bakin mahaifa, don haka duk wadda aka samu ɗaya daga cikinsu ana haska ta ko da Pap ɗinta fes ya fito. Ki ɗauko takardarki yanzu ki duba, wasu lab ɗin suna rubuta 16 daban, 18 daban, sai sauran a dunƙule, wasu kuma positive kawai suke rubutawa ba bayani. In taki ta nuna 16 ko 18, kar ki jira shekarar nan, ki koma ki nuna wa likita wannan layin da yatsa. In ba a rubuta lamba ba ki tambaya ko na'urarsu tana rarrabewa.

Ko kuma wannan ne karo na biyu da aka samu ƙwayar a jikin ƙawar taki, domin wadda aka samu bara aka kuma samu bana ta nuna ƙwayar ta zauna, ita ma haskawa ake yi. Ko an taɓa mata magani a baya. Ko tana da HIV, wannan kuma ba abin da ƙawa za ta faɗa miki ba ne dole, kuma kar ki je ki tambaye ta don Allah. Mata masu HIV haɗarinsu ya ninka na sauran har sau 6, abin kuma yakan yi sauri, shekara 5 zuwa 10, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce su a fara musu gwaji tun suna 25 duk shekara 3 zuwa 5, sauran mata kuma daga 30 duk shekara 5 zuwa 10 in gwajin HPV ne.

A nan gida sau da yawa ba ma wannan tsarin ake bi ba, yawancin asibitocinmu VIA ake yi, a shafa ruwan khal a bakin mahaifa a jira minti ɗaya, in wuri ya yi fari sai a ce akwai canji, in ƙarami ne kuma ana ganinsa duka a ƙona shi a ranar da na'urar zafi ko ta sanyi. Wasu suna ganin kamar gaggawa ce, ni kuwa ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari a inda muke, saboda na san matar da ta taho daga ƙauye da kuɗin mota na aro da izinin miji da ƙyar, in ka ce ta dawo ba za ta dawo ba. Abin da ya fi ci min rai a aikin nan kenan. Akwai littafi a ɗakinmu da muke rubuta waɗanda aka ce su dawo, in ka buɗe shafukan baya sai ka ga layi layi babu sa hannu a gefe, ka kira lambar a ce ta maƙwabci ce ko a kashe take. Wata sai bayan shekaru ta shigo da zani jiƙe da ruwa mai wari, ta yi ta shan maganin sanyi a kemis tana tsarki da bagaruwa, lokacin kuma abin ya wuce ƙonawa sai maganar tiyata da gashi da na'ura. A 2020 an ƙiyasta mata 12,000 suka kamu a Najeriya, 8,000 suka rasu, cutar da ake iya tarewa tun ba ta zama komai ba.

Don haka shawarar "ki dawo bayan shekara" tana da kyau ne kawai in za ki dawo ɗin. Ki sa ranar a wayarki, ki ɗauki hoton takardar, ki adana ta asalin inda kike adana takardun makaranta, domin in kin canza asibiti ba wanda zai san tarihinki sai abin da kika riƙo, kuma lissafin nan duk a kan tarihi yake tafiya.

Amma fa jiran nan na wadda ba ta jin komai ne. In kina ganin jini bayan saduwa, ko jini tsakanin al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, gobe ki koma, a duba da ido ko me takarda ta ce. Haka iyayenmu da al'ada ta ɗauke musu sai jini ya dawo, kar a ce musu komai ba ne.

Kin kuma tambaya a ƙarshe ko maigida ne ya kwaso miki. 'Yar uwa ba wanda zai iya gaya miki yaushe ƙwayar ta shiga, tana iya kwanciya shekaru ba a gani sannan ta bayyana, ko daga auren baya nasa ko naki, kar ki tada rigima a gidanki kan wannan takardar. In kina da abokiyar zama dai ki ba ta shawara ita ma ta je a gwada ta, ba sai kin yi dogon bayani ba. Kuma babu kafso ko allura ko matsi da ke kashe HPV, duk mai tallan haɗin da ke wanke ta kuɗinki kawai yake so, cuse-cusen ma ƙara raunata wurin suke yi. In ana shan taba ko shisha a daina, tana taimaka wa ƙwayar ta zauna.

In Allah Ya sa baɗi an sake samunta aka ce a haska, ba tiyata ba ce, kujera irin ta awo ce da madubi mai ƙara girma, wani lokaci a tsinko ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa a kai lab. In CIN1 ne, wato canji mara tsanani, yawanci yana warkewa da kansa sai dai a sa ido, in 2 ko 3 ne a ƙona ko a yanke wurin da zaren lantarki, mahaifarki na nan kuma ana haihuwa bayansa, sai dai ki gaya wa masu awo an taɓa yanka miki don su lura da ke. Za a yi ta ganin ruwa na 'yan makonni, a ƙaurace wa saduwa wata guda, sannan a ci gaba da gwaji shekaru masu yawa ko an ce an warke.

In kina da 'ya'ya mata 'yan shekara 9 zuwa 14, tun Oktoban 2023 ake musu rigakafin HPV kyauta a Najeriya, allura ɗaya ce, ki tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku. Ki duba min maganar 16 da 18 ɗin nan ki dawo ki faɗa mana abin da aka rubuta, sunanki da lambar kati ki rufe su kafin ki turo. Allah Ya ba ki lafiya.