Takardar Stradivari a cikin biyolin: ta isa shaida?

Tambaya: Na sayi tsohon biyolin, wato gogen Turawa, a kasuwar gwanjo a Jamus. Da na leƙa ta tsagar fuskarsa sai na ga takarda an rubuta "Antonius Stradivarius Cremonensis Faciebat Anno 1721". Malam, tsintuwa na yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sa rai tukuna. Rubutun na Latin ne, yana cewa Antonio Stradivari na Kremona, shahararren masassaƙin biyolin, shi ya yi shi a 1721. A jikin biyolin babu abin da ya fi takardar nan sauƙin bugawa. A ƙarshen ƙarni na 19 masassaƙan Markneukirchen a Jamus da na yankin Bohemiya sun fitar da dubbai ɗauke da ita, yawanci don nuna samfurin da suka kwaikwaya.

Antonio Stradivari ya yi aikinsa a Kremona, arewacin Italiya, garin da zuri'ar Amati suka kafa sana'ar, har ya rasu a 1737 yana da shekara casa'in da 'yan kai. Kayan kiɗansa da suka rage kimanin 650 ne, kuma kusan kowanne an san hannuwan da ya bi. Na 1721 da ake kira Lady Blunt an sayar da shi a 2011 kan fam miliyan 9.8, aka tallafa wa waɗanda girgizar ƙasa da igiyar teku suka shafa a Japan.

Mu masu wannan sana'a katako muke fara tambaya. Fuska itacen sifrus (spruce) ce daga duwatsun Alps, baya kuma itacen mapul mai zane kamar harshen wuta. Siraran layukan fuskar shekarun bishiyar ne, ana auna faɗinsu a kwatanta da na katakon da aka san zamaninsa, a gane lokacin da ta rayu. Idan ta kai 1850 tana tsaye, magana ta ƙare. Sai bakin da ke zagaye da jiki: gwani yakan haƙa siririn rami ya dasa zare uku na katako, mai gaggawa kuwa da tawada yake zanawa. Duba wuya kuma. An tsawaita wuyan yawancin tsofaffin a ƙarni na 19, don haka akwai tabon haɗi ƙarƙashin naɗaɗɗen kan. Wannan kan ni shi ne ya fi taɓa min zuciya, don a nan ake ganin sawun kurfin mai sassaƙa.

Naka ma zai iya zama mai daɗin murya ko da ɗan Jamus ne, kada ka rena shi. Kar ka shafa masa mai, kar ka kankare fentinsa, kar ka liƙe tsaga da gam ɗin kanti. In za ka kawo shi gida, ɓoye shi a akwatinsa lokacin hunturu, bushewar iska tana tsaga fuskar. Kafin nan kai wa ƙwararren mai gyaran biyolin ya duba da idonsa.