Ina zan ajiye wa yarana kuɗin karatu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Daura, ina da yara biyu, babban shekararsa huɗu, ƙaramar watanta takwas. Ni da maigida mun yi shawarar riƙa ware naira 10,000 duk wata saboda karatunsu in sun girma, kuma kuɗin barka da aka samu lokacin suna yana nan ban taɓa ba. Wata abokiyar aikina ta ce in buɗe musu asusun yara a banki, yayata kuma ta ce in sayi tunkiya. Wanne ya fi? Kuma ba na son kuɗin ruwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka. Abokiyar aikinki da yayarki kowa da gaskiyarta, sai dai kowace rabin maganar ta faɗa.

Ki buɗe asusun, amma ki ɗauke shi a matsayin matattara, wurin da kuɗi zai riƙa taruwa kafin a kai shi inda zai yi aiki. Ba wurin da za a bar shi ya kwana shekara goma sha biyar ba ne. Dalili shi ne tsadar kaya. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari, alhali abin da asusun ajiya na yau da kullum ke bayarwa a lokacin bai wuce wajen kashi 8 ba. Wato wanda ya ajiye naira 100,000 ya samu 108,000 a ƙarshen shekara, kayan da yake son saya kuma sun koma 134,000. Kuɗinsa na nan, ba wanda ya taɓa masa, amma ya rame. Dubu goman nan taki in an jera ta shekara goma sha biyar za ta kai naira miliyan 1.8. Yau kuɗi ne mai kauri. Ranar da ɗanki zai je rajista a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Allah kaɗai Ya san abin da zai biya.

Tunda ba kya son ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi: Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank, da Lotus, da Alternative Bank. A wajensu ki tambaya a fili: wannan asusun na mudaraba ne ko na ajiya zalla? In mudaraba ne, bankin zai juya kuɗin a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, ribar kuma tana hawa tana sauka, ba a yanke ta tun farko. Ki tambayi kason, ki tambayi cajin da ake cira duk wata, ki nemi a nuna miki a rubuce. Ki kuma tabbatar bankin na ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar gwamnati mai kare kuɗin masu ajiya a banki. Tun 2024 hukumar tana biyan mai ajiya har naira miliyan 5 in ɗaya daga cikin manyan bankuna ya durƙushe, miliyan 2 a ƙananan bankunan maikurofainans. Ba tatsuniya ba ce, a watan Yunin shekarar Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank.

Inda nake so ki fi tsayawa shi ne sunan da za a rubuta. A buɗe da sunan yaron, kowane yaro da nasa, ke ko babansu ku zama masu sa hannu har ya kai shekara 18. Za a nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da hotonsa, da BVN da NIN na wanda zai sa hannu. Na taɓa zama da wata baiwar Allah a nan Katsina, ta zo da wata tsohuwar takardar banki a naɗe cikin leda, mijinta ya rasu. Shekara da shekaru yana zuba kuɗi yana ce mata "na karatun yara ne", amma da sunansa ya buɗe, kuma ba wanda ya shaida. Da aka zo rabo kuɗin ya shiga gado, aka raba da sauran magada. Ba wanda ya zalunce ta, hukuncin ke nan, amma har yau ina tuna yadda ta riƙa shafa takardar nan da hannu. Saboda haka in kun ba yaro kyauta, ku furta, ku sa shaidu biyu, ku rubuta. Kuma a daidaita tsakanin mace da namiji wajen zubi, kada a ce ai ita aure za ta yi.

To in kuɗi ya taru fa? Duk lokacin da ya kai na wata shida ko shekara, a fitar da shi. Abin da na fi ba masu irin ra'ayinki shawara shi ne sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari marar ruwa da ke ba mai ita kaso a wata kadara da gwamnati ke biyan hayarta, wanda Ofishin Kula da Basussuka ya fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Ana shiga da naira 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara, uwar kuɗin kuma ta dawo bayan shekara bakwai ko goma. Ba kullum ake buɗe shi ba, sai an yi sanarwa, don haka ki gaya wa bankinki tun yanzu ya sanar da ke. Hayar da ta shigo kada a ci, a mayar da ita asusun yaron. Akwai kuma asusun zuba jari na halal da kamfanoni irin su Lotus Capital ke gudanarwa, amma kafin ki ba kowa kuɗi ki duba ko yana da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar zuba jari. Duk wanda ya ce zai ninka miki kuɗi a wata ɗaya, ki tuna MMM a 2016 da CBEX a 2025, tsare-tsaren damfara da suka rushe da kuɗin jama'a.

Tunkiyar yayarki ba abin rainawa ba ce. Iyayenmu da ita suka yi wa 'ya'ya kayan ɗaki, kuma farashinta yana bin kasuwa, abin da kuɗin banki ba ya yi. In kina da fili a gida da mai yi mata ciyawa, ki sayi ɗaya a kasuwar Mai'aduwa da kuɗin barkar ƙaramar. Amma ki lissafa dusa da harawa da magani, da cuta, da ɓarayi. In kiwo za ki bayar a ƙauye, sai wurin wanda kika yarda da amanarsa. Zinari ma haka, yana riƙe daraja lokacin da naira ke faɗuwa, sai dai in sarƙa ce kuɗin ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa, kuma a adana rasit.

Maganar zakka: a mazhabar Malikiyya tana wajaba a dukiyar yaro in ta kai nisabi, kwatankwacin giram 85 na zinari, ta kuma shekara, waliyyinsa ne ke fitarwa. Naku ba zai kai nan kusa ba. Abin da zai iya samunku da wuri shi ne banki ya daskarar da asusun in aka yi shekara ba a motsa shi ba. Ki sa a riƙa cire dubu goman kai tsaye daga albashinki ranar da ya shigo, 5,000 ga kowane yaro, kuma kada ki karɓi katin ATM na asusun.