Ciwon damuwa, magungunansa da tunanin kashe kai: amsoshin likita

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan ciwon damuwa suka zo, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Likita, yau kwana goma da aka ɗora ni a kan maganin damuwa mai suna fluoxetine, ban ji komai ba sai tashin zuciya. In daina? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

Amsa: Kada ka daina, Malam. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, wani ma sai ya kai shida. Tashin zuciyar kan lafa da kansa, ka riƙa sha bayan ka karya kumallo. Idan mako shida ya cika babu ko alama, koma wurin likitanka ya ƙara ko ya sauya maka. A wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna STAR*D, wanda ya bi marasa lafiya wajen 4,000, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka warke da maganin farko. Wasu sai a na biyu ko na uku aka dace.

Tambaya: An ce wanda ya fara shan maganin damuwa ya zama ɗan ƙwaya, ba zai iya rabuwa da shi ba. Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Ba ya sa maye, ba ya sa mutum ya riƙa neman ƙari. Amma ba a yanke shi lokaci ɗaya, don yakan kawo jiri, rashin barci da saurin fushi. Likita ne zai rage miki a hankali.

Tambaya: Ɗana mai shekara 19 ya dawo daga makaranta ba ya ci, ba ya fita, likita ya ce ciwon damuwa ne ya ba shi sertraline. Sai yayarsa ta nuna mini a waya cewa maganin yana sa matasa kashe kansu. Na ɓoye shi, yau mako guda. Jiya na ji ya ce gara ya huta kowa ma ya huta. Babansa ya ce kada a ɗaga masa maganar, kada a sa masa abin a ransa. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, kafin komai: yau za ku kai shi asibiti, ba gobe ba. Ku koma wurin likitan da ya gan shi, in ba ya nan ku shiga sashen gaggawa, ku faɗi maganar da ya yi kamar yadda ta fito daga bakinsa, ki kuma faɗa cewa ya yi mako guda bai sha maganin ba. Kada ki mayar masa da shi da kanki, likita ne zai ce yadda za a ci gaba. Kafin ku isa, kada a bar shi shi kaɗai.

Na san tsoro da ƙauna ne suka sa kika ɓoye, kuma abin da yayarsa ta gani yana da asali. Bari in faɗa miki inda ya samo tushe. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tattara sakamakon gwaje-gwaje 24 da aka yi a kan yara da matasa sama da 4,000. Wasu an ba su maganin gaske, wasu an ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da sun san wacce suka sha ba. A cikin kowane ɗari da suka sha maganin, kusan huɗu sun nuna tunanin kashe kai ko yunƙurinsa. A cikin ɗarin da suka sha ƙwayar wofi, biyu. Babu ko ɗaya da ya mutu ta wannan hanyar a gwaje-gwajen. Daga nan aka wajabta buga gargaɗi a takardar magungunan, a 2007 kuma aka faɗaɗa shi har zuwa masu shekara 24. A manya da suka haura wannan ba a ga ƙarin haɗarin ba, a tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama ma raguwa aka gani.

To me gargaɗin ke cewa? Cewa yake a sa ido sosai a makonnin farko, da duk lokacin da aka ƙara ko aka rage. Wasu matasan maganin kan sa musu rashin natsuwa a farko, ka ga yaro ya kasa zama, yana safa da marwa, barci ya ƙaurace masa. Wani kuma ƙarfin jiki ke riga zuciya dawowa, ya samu kuzarin aikata abin da a da ko tashi ba ya iya yi dominsa. Wanda aka ga haka gare shi, a mayar da shi asibiti a ranar. Amma babu inda gargaɗin ya ce a bar yaro ba magani. Ciwon damuwar da aka bari ba kulawa shi kansa yana cikin manyan abubuwan da ke kai mutum ga hallaka kansa, kuma ɗanki yanzu yana ɗauke da ciwon, hannu babu komai.

Sai maganar Alhaji. Da dukkan girmamawa, a nan bai yi daidai ba, kuma wannan shirun na kawaici ya ci rayuka. An gwada abin. A 2005 an buga wani bincike a kan ɗaliban sakandare sama da 2,000 a jihar New York: an tambayi wasu kai tsaye game da tunanin kashe kai, wasu ba a tambaye su ba. Waɗanda aka tambaya ba su ƙara shiga damuwa ba, tunanin bai ƙaru ba, masu ciwon damuwa a cikinsu ma sauƙi suka nuna. Tambaya ba ta dasa wa mutum abin da babu shi a ransa. Ki shiga ɗakinsa, ki tura ƙofa, ki zauna a bakin katifarsa, ki ce, "Na ji abin da ka ce jiya. Kana tunanin kashe kanka ne?" Sai ki yi shiru ki saurara. Kada ki yi salati ki fashe da kuka, kada ki ce zai ja muku abin kunya, kada ki fara da zancen wuta. Ya san hukuncin tun yana Islamiyya. Abin da bai sani ba shi ne ko akwai wanda zai iya faɗa wa ba a tsine masa ba.

A daren yau kuma ki zagaya gidan. Maganin ƙwari, maganin feshin gona, na ɓera, da duk ƙwayoyin da ke cikin durowa, har na hawan jinin Alhaji, a fitar da su ko a kulle. Maganinsa ma in an dawo da shi ke za ki riƙe, ki riƙa ba shi na kowace rana. Kada ki raina wannan. Matsanancin halin sau da yawa na ɗan lokaci ne, in abin cutarwa bai zo hannu ba yakan wuce. Ƙasar Siri Lanka ta haramta magungunan feshi mafiya guba, sai yawan kashe kai ya faɗi da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015. Mafi yawan waɗanda aka ceto daga yunƙuri ba sa mutuwa ta wannan hanyar daga baya.

Ki lura idan ya fara rabar da kayansa, ko yana bin mutane da neman gafara ba dalili, ko kwatsam ya wartsake yana fara'a bayan makonni na ƙunci. Wannan na ƙarshen yana yaudarar iyaye ƙwarai. Ko ɗaya kika gani, asibiti, ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Ƙanina yana fama da damuwa, mai kemis ya haɗa masa tiramol da baliyam, ya ce za su sa shi walwala da barci. Wasu kuma sun ce a kai shi gidan mari. Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Wallahi irin wannan haɗin yana ƙona mini rai. Mutum ya zo da ciwo ɗaya, a sallame shi da biyu! Tiramol da baliyam ba sa maganin damuwa, kama mutum suke yi, haɗa su yana danne numfashi, kuma tiramol kan sa farfaɗiya. Suna kuma rage wa mutum tunanin abin da zai je ya dawo, wanda shi ne abin da muke tsoro ga mai wannan ciwon. Idan ya daɗe yana sha kada ya yanke da kansa, a kai shi likita ya rage masa. Mari kuwa, Alhaji, ƙaninka ba ɓarawo ba ne. Sarƙa da bulala ba su taɓa warkar da kowa ba. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau kusa da ku, ga sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano. Ku kai shi cikin makon nan, in ya taɓa ambaton mutuwa kuwa, yau.

Tambaya: Mijina ya ce raunin imani ne, in dage da azkar da ruƙiyya. Na haihu wata biyu, kullum kuka nake, ina jin jaririyar za ta fi dacewa da wata uwar. Daga wata mai jego a Jos.

Amsa: Ki ci gaba da azkar ɗinki, 'yar'uwa, ba wanda zai hana ki, amma ki je asibiti. Wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana kama mai ibada da wadda ba ta yi. Ba dole sai ƙwaya ba: a Pakistan an horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauye su riƙa zama da masu ciki da masu jego suna tattaunawa bisa tsari, sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna ciwon ya ragu da fiye da rabi. In ana buƙatar magani, akwai irin su sertraline da ake ba mai shayarwa. Maganar cewa jaririyar ta fi dacewa da wata ce ta tsaya mini. Ki faɗa wa likita ita, ki faɗa wa mahaifiyarki ko wadda ke miki zaman jego. Idan tunanin cutar da kanki ko jaririyar ya zo, ko kika fara jin muryoyi, wannan na gaggawa ne, a tafi nan take. Ki nuna wa maigidan wannan amsar, ya raka ki.

Tambaya: Na warke sarai bayan wata biyu ina shan maganin damuwa. Zan iya ajiyewa? Daga wani direba a Sakkwato.

Amsa: Alhamdu lillahi, amma da saura. A ci gaba aƙalla wata shida bayan an warke, in ba haka ba yana saurin dawowa. Wanda ciwon ya taɓa maimaita masa yakan fi haka daɗewa. Ka je ku tsara ranar fara ragewa da likitanka.