Dutsen tunawa da sojoji a ƙauyukan Ingila: wa ya kafa shi, wa ke kare shi?

Tambaya: Malam, ina karatu a Ingila, kuma duk ƙauyen da na ratsa sai na ga gicciye ko ginshiƙi na dutse a mararraba ko a gaban coci, an sassaƙa sunayen mutane a jikinsa. A wani ƙauye na ji ana cewa nasu yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, ba a taɓa shi sai da izini. Mene ne asalin waɗannan duwatsu, kuma wace irin kariya doka ta ba su?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da kake gani makwafin kabari ne, kuma in ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, Birtaniya ta rasa sojoji fiye da 700,000, kuma tun 1915 aka hana dawo da gawarwaki gida. A inda mutum ya faɗi ake binne shi, a Faransa ko Beljiyam ko wani wuri mai nisa, a maƙabartun da hukumar kaburburan yaƙi da aka kafa a 1917 take kula da su har yau. Dubbai kuma ko gawarsu ba a gani ba. Uwar da ke ƙauye ba ta da kuɗin ƙetare teku, ba ta da kushewar da za ta tsaya a kai, don haka sunan ɗanta a jikin dutse shi ne kawai abin da ya rage mata ta ziyarta.

Abin da ya ƙara wa ƙananan garuruwa zafin rashin shi ne yadda aka ɗebi sojojin. An bar 'yan unguwa ɗaya da abokan aiki su shiga bataliya ɗaya, sai ya zama ranar da bataliyar ta haɗu da bala'i, gari guda ke zaman makoki. A ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, farkon gumurzun Somme a Faransa, sojojin Birtaniya fiye da 19,000 suka mutu. In ka sake tsayawa gaban irin wannan dutse, ka bi sunayen da yatsa a hankali. Sau da yawa za ka tarar da sunan gida ɗaya sau biyu ko uku a jere, wa da ƙane ke nan, ko 'yan maza zar. Ƙauyukan Ingila da Wales da duk mazajensu suka dawo da rai ba su wuce hamsin da 'yan kai ba.

Ba gwamnati ce ta gina su ba. Mutanen ƙauye ne suka kafa kwamiti, suka yi karo-karo, suka zaɓi wuri da siffa, suka kuma tsara sunayen da kansu, abin da ya sa ake samun kuskuren rubutu ko wanda aka manta. Misalin da nake yawan bayarwa shi ne ƙauyen Mells a yankin Somerset. Edwin Lutyens, wanda ya zana babban dutsen tunawa na Landan, shi ya zana nasu: dogon ginshiƙi a mararraba, a samansa gunkin Waliyyi Joj yana sukar dodo. An buɗe shi a 1921, kuma wanda ya buɗe shi, Arthur Asquith, ɗan tsohon firaminista ne, sunan wansa Raymond da aka kashe a Somme na cikin waɗanda aka rubuta a wurin tare da 'ya'yan talakawan ƙauyen. Bayan 1945 ƙauyuka da yawa ba su sake sabon gini ba, sai suka ƙara sunayen mamatan Yaƙin Duniya na Biyu a ƙarƙashin na farko.

Wannan asali na karo-karo shi ya haifar da matsalar da ake fama da ita. Kwamitin ya gama aiki ya watse, masu bayar da kuɗin sun mutu, dutse ya zama na kowa, wato ba shi da takamaiman mai shi. Wata doka ta 1923 ta ba ƙananan hukumomi ikon kashe kuɗi wajen gyara, amma ba ta wajabta musu ba.

Rajistar da ka ji ana magana a kanta tana ƙarƙashin dokar gine-ginen tarihi ta 1990. Hukumar Historic England, mai kula da wuraren tarihi na Ingila, ita ce ke bincike ta ba da shawara, minista mai kula da al'adu ya sa hannu. Matakai uku ne: na ɗaya, na biyu mai tauraro, da na biyu, inda mafi yawan duwatsun ƙauye suke. Na Mells yana mataki na biyu mai tauraro. Lokacin cika shekara ɗari da yaƙin, tsakanin 2014 da 2018, an shigar da irin waɗannan wurare fiye da 2,500 cikin rajistar, kuma kowa na iya neman a duba na ƙauyensu. Da zarar dutse ya shiga, rushe shi, ko matsar da shi saboda faɗaɗa hanya, ko sauya masa kama ba da izinin ƙaramar hukuma ba, laifi ne da kotu ke hukuntawa.

Sai dai kada a ɗauka rajista ta gama magana, domin hani ce kawai, ba ta zuwa da kuɗin gyara. A ganina ma masu kyakkyawar niyya sun fi masu rushewa ɓarna. Na taɓa tsayawa gaban wani da aka wanke da injin fesa ruwa mai ƙarfi don a cire gansakuka kafin biki. Ya yi fari tas, amma bakin haruffan ya zaizaye, har wani suna sai ka shafa da hannu kafin ka gane shi. Haka masu like tsaga da siminti maimakon kwaɓin farar ƙasa irin na da: siminti na tsare danshi a ciki, sanyin hunturu ya daskarar da shi, dutsen ya fashe. Akwai kuma ɓarayin allunan tagulla masu kai wa 'yan gwangwan, wanda yana cikin dalilan da suka sa dokar 2013 ta tsaurara cinikin tsofaffin ƙarafa, ba a biya da tsabar kuɗi. Mai son gyara na gari yakan nemi shawara da tallafi daga ƙungiyar War Memorials Trust, mai kula da irin waɗannan duwatsu, wadda aka kafa a 1997.

Mu ma muna da hannu a wannan tarihi, tun da kakanninmu sun yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka a yaƙin duniya na farko, sannan a Bama a na biyu, kuma ranar tunawa da 'yan mazan jiya a Najeriya 11 ga Nuwamba ce kafin a mayar da ita 15 ga Janairu. In kana son ganin dutsen yana aikin da aka kafa shi dominsa, ka je ranar Lahadi ta biyu a watan Nuwamba da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da ake shiru na minti biyu, a ajiye jajayen furanni, kuma a ƙauyuka da yawa a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya.